Wane kirik ne zai shiga ƙarƙashin Corolla da aka saukar ƙasa?

Ɗan Garin Malam:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu mota. Shawara nake nema kan kirik na ɗaga mota.

Na sayi Corolla ƙirar 2006 a hannun wani yaro da aiki ya mayar Yamai. Kafin ta zo hannuna ya riga ya saukar da ita ƙasa, ya sa mata rim mai inci 17 da taya 215/45, ya kuma liƙa mata robar ado ƙarƙashin ƙofofi, dama da hagu. Kyau kam ta yi kyau, ba na musu. Amma safaya kaɗai na tarar a bayanta, babu kirik, babu sifanar taya. Maƙwabcina mai Hilux ya ara mini nasa mai kwalba, ko kusa bai shiga ba, kansa ma ya fi gefen motar tsawo. Na ɗauki abin awon ɗinkin uwargida na auna daga ƙasa zuwa bakin ƙarfen da ake ɗora kirik, bayan tayar gaba: santimita 11.

Yawona bai da yawa. Cikin garin Damagaram ne, sai Mirriya ranar Lahadi wurin tsohuwa, wani lokaci Matamaye. Sai dai lungunmu yashi ne zalla, sai ka ɗan taɓa tafiya kafin ka hau kwalta, gidan tsohuwa ma haka yake.

Wanne zan saya? Mai almakashi da ake murɗawa, ko mai ƙafafu irin na gareji, ko na lantarkin nan da ake jonawa da batir? Kuma ton nawa zai ishe ni? Don Allah kada kowa ya ce in mayar da motar tsayinta na da, wannan wa'azin na sha shi a gida har na ƙoshi.

Golf Sabon Gari:

Wa alaikumus salam babban yaya. Kada ka wahalar da kanka, mai ƙafafu za ka nema, amma shafaffe, wanda aka yi musamman don motocin da ke ƙasa. Ƙaramin nan na ton 2 da ya cika kasuwa ba zai yi maka ba, kansa yana farawa ne daga wajen santimita 13. Shafaffen yana sauka har 8 ko 9. Shi nake amfani da shi a Golf ɗina, 'yan danne-danne kaɗan mota ta tashi, ba zufa ba ciwon baya. Mai almakashi kayan tsofaffi ne.

Baba Mai Gareji:

To, ga tsoho ya iso, sai a matsa masa.

Ɗana na Garin Malam, awon da ka yi na mota mai lafiya ne, kuma ba ranar lafiya kake neman kirik ba. Tayarka 215/45 ce, wato tsayin gefenta kashi 45 cikin ɗari na milimita 215, ya kama kusan milimita 97. Ranar da ƙusa ta sha iskar, yawancin wannan tsayin zai tafi, gefen motar ya zauna. Santimita 11 ɗinka za ta koma 7 ko ƙasa da haka. Ka je wurin mai faci da ke da injin iska, ka sace iskar tayar gaba gaba ɗaya, ka sake awo, sannan ya mayar maka. Wannan lambar ita za ka riƙe a kai in za ka shiga Kasuwar Dole. Da ita za ka gane cewa shafaffen da yaron Sabon Gari yake yabo ma ba lalle ya shiga ba.

Shafaffen kirik ne mai kyau, ni ma da shi nake cin abinci. Amma a kan siminti. Ka tsaya ka kalle shi yana aiki wata rana: hannunsa ba ya tashi sama sak, zagaye yake yi, yana tashi yana komawa baya. Shi ya sa aka yi masa ƙafafu, domin yayin da hannun ke tashi, jikin kirik ɗin ya gangara gaba ya bi motar. A cikin yashi ƙafafun nan ƙanana nutsewa suke, su kafe. Kirik bai motsa ba, hannu kuwa sai ya yi zagayensa, to ko dai ya jawo motar gefe, ko kansa ya zame daga bakin ƙarfen. Na ga ƙofar mota da ta lotsa ta wannan hanyar, na ga rim da ya sauka a ƙafar yaro. Ga nauyi kuma: na ƙarfe yana kai kilo 30, wani ya wuce, ya cinye maka rabin bayan mota. Na alminiyam ya fi sauƙi, kuɗinsa ne ba sauƙi.

Mai kwalba ka manta da shi, ka gani da idonka. Ko ƙaramin cikinsu a rufe yana kai santimita 15 zuwa 18. Na manyan motoci ne.

Abin da zan ce ka saya shi ne mai almakashi, na asali, wanda aka ciro daga wata Toyota, wurin masu tsofaffin kayan mota. Shi sama yake tashi kai tsaye, ba ya buƙatar gangarawa, kuma kansa yana da tsaga da aka yi daidai da bakin ƙarfen nan na ƙarƙashin ƙofa. A rufe yana wajen santimita 9 zuwa 10. Za ka ce ai 7 gare ka. Haka ne, shi ya sa rabin maganarka tana wurin kafinta.

Ka sa a yanko maka katako mai ƙarfi, kauri santimita 4, faɗinsa ya kai faɗin taya, guda biyu, dogo da gajere, a buga gajeren a kan dogon kamar matakala, a fere bakin kowanne. Taya ta yi faci, ka ajiye shi gabanta, ka hau a hankali har ta zauna a saman. Ka samu santimita 8 a wurin taya, gefen motar ya tashi kusan haka, kirik ya shiga yana wasa. Kada kowa ya tsaya daidai saitin katakon lokacin hawa, Corolla da gaba take ja, in ka taka da ƙarfi tayar tana iya harbo shi. Sannan wani katako na uku, mai faɗi, kamar santimita 30 kowane gefe, shi ne kujerar kirik. A yashi ka tona masa da hannu har ya yi daidai da ƙasa, ka ga bai ci maka tsayi ba ke nan. A kwalta ma ka sa shi in lokacin zafi ne. Ranar watan Afrilu tana tausasa kwalta har gindin kirik ya nutse ya karkace.

Maganar ton kuwa kada ta hana ka barci. Motarka gaba ɗaya ba ta kai ton ɗaya da rabi ba, kuma kusurwa ɗaya kake ɗagawa. Abin da ke rubuce a jikin sababbin nan masu sheƙi ba shi nake dubawa ba. Ina duba kaurin ƙarfen, in duba zaren sandar tsakiya ko ya cinye, in murɗa shi sama har ƙarshe in girgiza kansa. In yana rawa a hannuna, a ƙarƙashin mota ma rawar zai yi.

Direban Hanyar Agadas:

Baba, Allah ya ƙara girma, ba abin da zan ƙara a maganar yashi, mu da muke wuce Tanut mun san shi. Akwai dai wata jaka ta roba da ake hurawa da hayaƙin salansa, a shimfiɗe take shiga ko ina, ba ruwanta da tsayin mota, kuma ba ta nutsewa. Don fitar da mota daga yashi tana da kyau ƙwarai. Amma don canja taya ban yarda da ita ba, mota lilo take yi a kanta, ga ƙayar aduwa ko bakin ƙarfe na iya huda ta. Na lantarkin kuma mai almakashi ne aka sa wa ɗan inji, tsayinsa a rufe bai fi na hannu gajarta ba, ranar da batir ya yi sanyi kuwa sai ka koma neman hannun murɗawa.

Ka hana mu faɗa, amma malam, da wannan motar yaya kake yi da tudun rage gudu na hanyar Mirriya?

Hajiya Karkada:

Ni Yaris gare ni, ba a saukar da ita ba, amma ga abin da na gani. Ko ka sayi kirik, ba kullum kai za ka yi aikin ba, wata rana yaron mai faci ne. In nasu bai shiga ta gefe ba, duk inda ya samu rata nan yake cusa shi, ko ƙarfen ƙasan mota ne ko tukunyar man inji. Ƙanina haka aka lotsa masa ƙarfen ƙasan mota, har yau kujerar direba ba ta tafiya daidai. Ka tsaya a kansa, ka durƙusa ka nuna masa wurin da yatsa. Akwai 'yan tsaga biyu a bakin ƙarfen, tsakaninsu ake sawa.

Ɗan Garin Malam:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na yi yadda ka ce. Da iska ta fita awon ya koma 7, har mai facin ya yi dariya ya ce ko ɓera sai ya sunkuya. Na samu mai almakashi na tsohuwar Toyota, na auna shi a rufe a gaban mai kayan, 9 da rabi. Kafintan bakin lungunmu ya yi mini matakalar, da farko ya ɗauka ta yara ce.

Na gwada a ƙofar gida, cikin yashin, don kada in fara koyo a daji. Na tona wa kujerar, na hau katako, kirik ya shiga. Hajiya, tsagar tana nan, amma robar adon ta rufe ta, sai da na kwanta da fitilar waya na gan ta, kuma kan kirik ɗin yana taɓa robar kafin ya kai ƙarfe. Abu biyu suka dame ni. Da motar ta tashi, sai na ji ƙwal a sama da tayar, na leƙa na ga sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota, yana motsi in na taɓa shi da hannu. Sannan sifana mai baki huɗu da na sayo ba ta shiga ramin notin rim ɗin, bakinta ya yi kauri.

Malam direba, tudun a karkace nake hawansa, taya ɗaya bayan ɗaya, 'yan kabu-kabu suna ta danna mini oda.

Golf Sabon Gari:

Na karɓi gyara Baba, ni dama garejin gidanmu siminti ne. Robar kuwa yaya, a yanke mata 'yar taga daidai wurin, ba mai gani daga tsaye. Haka na yi wa tawa.

Baba Mai Gareji:

Tagar daidai ce, a yanke. Kai ma yaron Sabon Gari, shafaffen naka kansa faranti ne, yana murƙushe bakin ƙarfen a hankali. Ka yanko guntun tsohuwar tayar babbar mota, ka tsaga shi a tsakiya, ka ɗora a kai. Kuma in mansa ya ragu, man kirik za ka zuba, ban da man birki, yana cinye robobin ciki.

Ɗana, sifana ƙaramar magana ce. Notin Toyota na asali bakin 21 ne, amma rim ɗin kasuwa ramukansa matsattsu ne, sau da yawa da nasa notin yake zuwa, 19 ko 17, wani ma sai da makullinsa na musamman. Ka je da motar wurin mai kayan aiki a gwada soket mai siririn baki a kanta, ka haɗa da doguwar sanda. Ka kuma ɗora safayar ka gani ko notin yana zama daidai a ramukanta, don rim ɗin ƙarfe da na alminiyam ba kullum mazaunin notinsu ke zama ɗaya ba.

Tsarin aikin: birkin hannu, giyar farko, dutse gaba da bayan tayar da ke ɗaya kusurwar. Ka sassauta noti tun mota tana ƙasa. Da ta fara tashi ka tura safaya ƙarƙashin gefenta, in ka cire mai facin ka musanya su, ko kirik ya ci amana motar ta sauka a kan rim. Ka janye matakalar kafin ka sa sabuwar tayar, mai iska ta fi mai faci tsawo, in katakon yana nan ba za ta shiga ba. Ɗaurin noti a tsallake, wannan sannan wanda ke fuskantarsa, ƙarshen ɗauri bayan ta sauka. Toyota ta ce 103 Nm, wato ƙarfin hannu da sanda madaidaiciya. Ban da hawa kan sifana da ƙafa kana tsalle. Bayan kamar kilomita 50 ka sake bi ta kansu. Kanka ko ƙafarka kuwa kada su shiga ƙarƙashin motar da kirik kaɗai ke riƙe. Zaren kirik ɗin ka shafa masa giris kaɗan ka naɗe shi cikin buhu, in ba haka ba ƙurar hunturu za ta manne ta cinye shi.

Ƙwal ɗin nan shi ya fi damuna. Sifirin da aka yi don saukar da mota yana zama daram ko taya tana rataye. Wanda ke motsi da hannu, galibi yanke shi aka yi. In ka ɗaga mota ya fita daga mazauninsa, kana saukewa yana iya zama a karkace, kuma rami mai kyau a hanyar Matamaye ma zai iya yi masa haka kana cikin gudu. Yanzu dai duk lokacin da za ka sauke, ka sauke a hankali kana leƙawa ya koma gurbinsa, hannunka nesa da shi. Ban ce ka ɗaga motar ba, na ji gargaɗinka. Amma kafin Lahadi ka kai ta a cire tayoyin huɗu a duba ƙarshen kowane sifirin. In ƙarshen yana da alamar zarto, a nemo maka gajeru na ainihi.