Saura kwana 9 sikirinin ɗin soja, ga maleriya ta kada ni, in shiga gudun ko in haƙura?

ɗan_Jega22 ya rubuta:

Salamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema ga wanda ya taɓa shiga tantancewar soja, ko ma'aikacin lafiya in akwai a nan. Sunana ya fito cikin lis na Kebbi, saura kwana 9 mu tahi Birnin Kebbi sikirinin, to shekaranjiya da dare sai jikina ya ɗau zafi, ga sanyi har haƙorana na haɗuwa na lulluɓa da bargo biyu bai yi ba, ciwon kai, baki ɗaci. Jiya na je asibitin unguwarmu anka soki yatsa anka yi gwaji layi biyu ya fito, maleriya ce. An ba ni wanga magani na kwana ukku, huɗu da sahe huɗu da dare, zafin ya ɗan sauka amma in na miƙe tsaye jiri nake gani.

Gaskiya ƙarfi ina da shi alhamdulillahi, dako nake yi a kasuwa, buhun shinkafa mai kilo 50 ni kaɗai nake ɗora shi a mota, kuma da yamma muna ɗaga ƙarfen da munka haɗa da siminti da gwangwanin fenti, firesof ina yin 60 ban tsaya ba. Matsalata gudu. Sati shida ke nan da na fara fita hanyar Aliero bayan asuba, kafin in yi kilomita biyu ƙirjina ya cika ina haki kamar zan mutu, yara ƙanana marasa nama su wuce ni. Yanzu ga ciwo ya zo ya tsai da ni. Wani abokina ya ce in je kemis a yi min allura ranar, in haɗa da tiramol guda ba zan ji komai ba har in gama. Shekarata 22, wata biyar masu zuwa na shiga 23, ke nan in wannan ta wuce ni shi ke nan. Inna ta sai da akuyarta don kuɗin takardu da na mota. Mi zan yi?

kurtun_Argungu ya rubuta:

Wa alaikumussalam abokina. Kai dai ka shiga kawai, ni da mura na yi nawa hanci na zuba ina gudu ina shaƙewa kuma na shigo cikin na gaba-gaba. Kilomita 3.2 ne munka yi, abin da ke kada mutane shi ne tashin farko, ana busa usur kowa ya kwasa da ƙarfi kamar an biyo shi, kafin rabi sun zube gefen hanya suna amai. Ka bari su tahi, ka riƙe taki ɗaya, za ka riƙa tsintar su ɗaya bayan ɗaya. Amma batun tiramol kam a'a, bar shi.

Anti_Nas_BK ta rubuta:

Ƙanena sannu da jiki, Allah ya ba ka lafiya. Kai kuma na Argungu, mura daban maleriya daban, kar ka sa yaro ya kashe kansa. Mura da ta tsaya a hanci da maƙogwaro ba zazzaɓi, mutum na iya motsa jiki a hankali. Amma da zarar akwai zazzaɓi, ko ciwon jiki, ko abin ya sauka ƙirji, ko gudawa da amai, to ba gudu, magana ta ƙare.

Bari in faɗa maka dalili don kar ka ga kamar tsoro ne na mata. Ƙwayar maleriya cikin jajayen ƙwayoyin jini take shiga ta fasa su, su kuwa su ne ke ɗaukar iskar da kake shaƙa su kai wa naman ƙafarka, shi ya sa kake ganin jiri, kuma shi ya sa ko bayan zazzaɓin ya tafi za ka ji numfashinka bai kai na da ba na ɗan lokaci. Zazzaɓi kansa yana ƙara bugun zuciya kana kwance ma, ya kuma ƙone ruwan jiki. To ka ɗora gudu a kan haka cikin ranar Birnin Kebbi, jikin ya rasa yadda zai huce, daga nan ne ake samun wanda zai yanke jiki ya faɗi a kawo mana shi bai san inda yake ba, wani fitsarinsa ya koma kalar Coke saboda naman jiki ya narke ya toshe ƙoda.

Abin da nake so ka yi, maganin nan ka shanye shi duka sau shida ɗin nan ko da ka ji garau, kuma ka riƙa shan sa bayan ka ci abu mai maiƙo ko ka sha madara ko fura da nono, don da maiƙo yake shiga jini sosai. Ruwa kamar ba gobe, in ka samu ORS ka kaɗa leda ɗaya a lita ɗaya, in babu to ƙaramin cokali shida na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya na ruwa mai tsafta. Ka kalli fitsarinka, in ya yi ja-ja ruwan bai isa ba. In ka gama maganin ka koma a duba maka PCV a ga yawan jininka, ba tsada. Kuma ka san jinotayif ɗinka? In AS ne kai, wato mai ɗauke da ƙwayar sikila guda ɗaya, ka ƙara kula, don masu AS sun fi shiga haɗari in aka haɗa gudu mai tsanani da zafi da rashin ruwa.

Shi kuwa abokin nan naka ba shawarar alheri ya ba ka ba. Tiramol na rufe maka jin ciwo ne kawai, ciwon na nan, yana kuma iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ga shi ana awon fitsari da jini wurin tantancewa. Allurar dikilofenak ko ibufurofen a jikin da ba ruwa kuwa ƙoda suke duka. Mu nan Kebbi mun raina maleriya don kullum muna tare da ita, alhali a binciken ƙasa na 2021 jiharmu ce ta fi kowace yawan yara masu ɗauke da ita, shi ya sa ma da aka fara rigakafinta a Disamban 2024 da mu da Bayelsa aka fara.

TsohonSaje_Zuru ya rubuta:

Ɗana ka ji maganar malama nas ka riƙe. Ni kuma bari in yi maka ta ɓangarenmu, na yi shekarata 22 cikin kaki kafin in aje.

Kwana biyar ko sati da za ka kwanta ba zai kwashe abin da ka tara ba, wannan tsoron ka cire shi. Ƙarfin ƙwanji yana kai sati biyu zuwa uku bai ragu ba, numfashi ne ke saurin sauka kuma shi ma sai an haura kwana goma ake fara jin sa sosai. Wanda ya tashi daga jinya ya ce sai ya rama kwanakin da ya rasa, shi ne ke zuwa fili da ƙafa mai nauyi. Ba a yi wa soja kitso ranar fareti.

Sai maganar ƙarfenka na siminti. Na ga irinku da yawa a Daffo, inda ake horar da kurata a Zariya, ƙirji kamar ƙofa, ranar farko kowa na kallonsu, sati biyu sai ka ga wani siririn Bafulatani da ya saba bin shanu tun daga safe har magariba shi ke riƙe musu bindiga a hanya. Na tuna wani ƙato da muka shiga tare, ɗan dambe ne a garinsu, wajen kilomita na uku ya durƙusa yana riƙe da cikinsa leɓensa ya bushe fari fat, mu biyu muka ɗaga shi. Naman da ka tara a kafaɗa kaya ne, ƙafarka da huhunka ke ɗaukar sa kuma shi ma iska yake ci. Ban ce ƙarfi banza ba ne, wata shida na horo akwai tsallen kwaɗo, akwai rarrafe, akwai tafiya da kaya a baya, dakon da kake yi zai yi maka rana a nan ƙwarai. Amma wanda ke yin firesof 60 ba ya bukatar na 61, mintinan nan gudu ya kamata su tafi.

Kuma na gane kuskurenka tun daga yadda ka rubuta, kullum gudun tsere kake yi da yaran nan. Yawancin gudunka ya zama a hankali, wanda za ka iya yin hira da na kusa da kai ba ka sarƙe ba, minti 30 zuwa 40, sau uku ko huɗu a sati, rana ɗaya tak ka yi mai zafi, ka zagaya filin ƙwallo da sauri ka huta ka sake. Ƙarfe sau biyu a sati ya isa, kuma kar ka yi na ƙafa ana gobe gudu mai zafi.

Na kwana tarannan ga yadda zan yi in ni ne. Ka gama magani, ka ƙara kwana biyu cur ba zazzaɓi ba tare da ka sha farasitamol ba, sannan ka fita tafiya ta minti 20. Washegari sassarfa kaɗan. In ba jiri ba bugun zuciya, rana ta gaba ka gwada kilomita biyu a hankali. Kwana biyun ƙarshe ka huta, dako ma ka bar shi. In kuwa ranar ta zo jikinka da zafi, ka je wurin likitan da ke filin ka faɗa masa gaskiya, kar ka shiga layi. Kuma shekara 22 ɗin nan ta marasa sana'a ce, masu takardar sana'a irin direba, makanike, birkila, tela, ana ɗaukar su har 26, to in kana da wata sana'a a hannu ƙofa ba ta rufe ba.

ɗan_Jega22 ya rubuta:

Na gode Baba Saje, na gode Anti, Allah ya saka da alheri. Yau na sha na ƙarshe, tun jiya da rana ba zazzaɓi, na ci tuwo da miyar kuka sosai har Inna ta yi murna. Jinotayif AA ne, yana cikin takarduna. Gobe in sha Allahu zan je a duba PCV ɗin. Baba batun sana'a, na yi shekara biyu garejin kawuna ina koyon gyaran babur amma ba ni da takarda, ina ake yin jarrabawar samun takardar?

Anti_Nas_BK ta rubuta:

Madalla. In sakamakon ya fito ka rubuto min lambar a nan in gani kafin ka sa kambas. Kuma yau ka kwana cikin gidan sauro.