Maganin ƙwaramniya a motar da ake kwana a ciki

A Turai, masu motar gida, wadda ke ɗauke da gado da kicin da banɗaki, sun yi musayar dabaru kan ƙarar da ke damunsu a hanya. Yawancin motocin a kan motar ɗaukar kaya ta Fiat Ducato ake gina su, amma sun ce ba kasafai injin ke da laifi ba. Kicin ne uwa uba: murfin gilashin murhu, ragar ƙarfen tanda, cokula da tukwane. Maganinsu tawul ne a tsakani, da shimfiɗar roba a cikin durowa.

Gano tushen ƙarar ya fi gyaranta wuya, domin jikin motar na kai sauti nesa da inda ya taso. Shawarar da ta fi karɓuwa ita ce a kwashe kaya kaf, a bi hanya mai gargada, sannan a riƙa mayar da su kaɗan-kaɗan. Wasu na ajiye waya tana naɗar sauti a baya. Wani ya ce fasinja ya zagaya yana saurare, aka yi masa ca, kuma da gaskiyarsu: birki ɗaya zai wurgar da mutumin da bai ɗaura bel ba.

Ƙofar kabad a ɗaure mata sukurori, a manna ɗan soso. Robar ƙofa da taga a fesa mata silikon. A duba iskar taya, kada ta wuce ƙa'ida. Idan bugun daga ƙarƙashi yake, wajen salansa ko ƙafafun mota, sai wurin makaniki.