Wa ya taɓa shiga na'urar MRI? Ku zo ku ba mu labari, Umma ta ƙi yarda

Yayar Samari:
Salam jama'a, dan Allah ina neman waɗanda suka taɓa shiga na'urar nan da kansu ko suka raka wani, ba masu ji a bakin mutane ba. Ƙanina ne shekararsa 24, wata biyu kenan yana fama da ciwon kai, satin da ya wuce kuma ya yanke jiki ya faɗi a shago yana jijjiga, abin da bai taɓa yi ba tun yana yaro. An yi masa hoton kai na CT sun ga wani abu zagayayye kamar zobe a gefen ƙwaƙwalwa, likita ya ce ba zai iya cewa ƙari ne ko tibi (ƙwayar cutar tarin fuka) ba sai an yi MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu, a ƙasan takardar kuma ya ƙara rubuta MRS. To matsalar Umma ce, wata maƙwabciyarmu ta zo dubiya ta ce mata wai na'urar shanye jinin mutum take yi, mijin yayarta tun da ya shiga bai ƙara lafiya ba, shikenan Umma ta kafe. Shi ma gogan naku ya tsorata duk da cika bakin da yake yi. Ya abin yake a ciki? Kuma mene ne wannan MRS ɗin?

Maman Biyu:
Wa alaikumussalam 'yar uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ni sau biyu na shiga saboda ciwon baya. Wlh ba zafi ko kaɗan, ko ƙaiƙayi ba za ki ji ba, abu biyu ne kawai, ƙunci da ƙara. Za a kwantar da mutum a wani siririn gado ya zarce da shi cikin rami, rufin yana dab da hancinki, ni dai da na buɗe ido kabari ne ya faɗo min a rai, ban san lokacin da na matse 'yar robar da suka ba ni a hannu ba, ko minti biyu ban yi ba suka fito da ni ina haki. Matar da ke aikin ta ba ni ruwa ta ce Hajiya ki rufe ido tun kafin gadon ya motsa, kar ki buɗe sai na ce. Haka na yi, ta ɗora min ɗan ƙyalle a ido, na yi minti wajen 40 ina salati a zuci. A zuci fa, don shi naku na kai ne, ko leɓe ba a so ya motsa. Ƙarar kuwa ki ƙaddara kin kwanta a shagon markaɗe ana kuma buga kwano a gefe, tana tsayawa ki ce an gama sai ta dawo da wani salon. Suna ba da abin toshe kunne, ya karɓa ya cusa da kyau.

Mai Walda:
Tambaya ɗaya, wace sana'a yake yi? Don ni abin da ya faru da ni kenan. Na biya kuɗi na sa rigarsu ina jiran layi, sai yaron da ke cike takarda ya ce Baba me kake yi, na ce walda da girandin shekara 19. Nan take ya ajiye biro ya ce ƙarfe ya taɓa faɗa maka a ido? Na yi dariya na ce sau nawa kuma, ai da maganaɗisun sifika muke cirewa a gareji. Suka ce sai an yi min hoton ido na eksire tukuna, ni har raina ya ɓaci ina ganin ƙarin kuɗi kawai suke nema. Ashe akwai ɗan ɓurɓushi da ya maƙale, bai kai ƙwayar gero ba. Likitan ya ce da na shiga na'urar za ta iya motsa shi a cikin idon. Aka fasa aka yi min CT. Don haka duk abin da aka tambaye shi ya faɗi gaskiya, harsashi ne, ƙarfen ɗori ne, ko an taɓa yi masa aiki.

Yayar Samari:
Tela ne Baba, bai taɓa walda ba. Amma aljihunsa kullum cike da fil da allura, zan caje shi da kaina.

Na Ɗakin Hoto:
Aikina kenan shekara 8, bari in yi magana a kan tsoron Umma tukuna. Gaskiya CT ɗin da aka riga aka yi masa shi ne ma mai haske irin na eksire, MRI ba ta da shi sam. Maganaɗisu ne babba da igiyar rediyo. Jikin mutum yawanci ruwa ne, a cikin ruwa akwai ƙananan ƙwayoyin haidirojin, idan ka shiga sai su jeru su fuskanci gefe guda kamar sahu, sai na'ura ta turo igiyar rediyo ta ture su, ta ɗauke, su kuma wajen komawa inda suke sai su saki ɗan sigina, shi muke kamawa kwamfuta ta mayar hoto. Kitse da ruwa da ƙari kowa da saurin komawarsa, shi ya sa suke fita daban. A na'ura mai tesla 1.5 (tesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) igiyar tana wajen megahaz 64 ne, ƙasa ma da tashoshin FM da Umma ke saurara. Ba abin da ke fita daga jikinsa, ba abin da maganaɗisun ko igiyar ke bari a ciki idan ya fito.

Abin tsoron na gaske shi ne wanda mutane ba sa tsoro. Tesla 1.5 ya ninka maganaɗisun ƙasa kamar sau 30,000, kuma ba ya mutuwa, ko an ɗauke wuta, ko an tashi aiki an kulle ɗakin yana nan daram, saboda wayoyin cikinsa suna jiƙe ne a ruwan hiliyam mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri. A 2001 a jihar Niyok ta Amurka tukunyar oksijin ta kuɓuce ta faɗa cikin na'ura ta kashe yaro ɗan shekara 6, har yau da labarin ake koyar da mu. Ni a gabana fil ɗin hijabin wata mai rakiya ya fizge ya manne. Wani dattijo kuma ya rantse ba komai a jikinsa, hoto ya fito da baƙin tabo a ƙugu, muka sake tambaya ashe guru ne da 'yar zoben ƙarfe a jiki, ya ce ai shi bai ɗauka wannan ƙarfe ba ne. Kwalli ma a wanke, yana ɓata hoton wajen ido. Katin ATM da waya da agogo a bar su a waje.

Sai ki tambaya kafin ki biya: na'urar tesla nawa ce? Wurare da yawa a nan irin buɗaɗɗiyar nan ce mai 0.2 zuwa 0.4, tana da daɗin shiga ga mai tsoro kuma tana aikinta a gwiwa ko baya, amma MRS ba ya yiwuwa da ita, sai 1.5 ko 3. Na ga mutanen da suka biya can suka dawo suka sake biya.

Ɗan Maraɗi:
Mu nan Nijar IRM muke ce mata. Na kai tsohuwata Yamai, wuni guda cur a mota, muka iske sai an yi gwajin ƙoda tukun kafin su yi mata allurar da ke sa hoto ya fito sarai, sakamakon bai fito ba sai washegari, layinmu ya wuce, muka ƙara kwana uku gidan mutane. Ku yi gwajin ƙodar tun daga gida ku tafi da takardar a hannu. Allurar ta ce sanyi kawai ta ji yana bin hannunta.

Na Ɗakin Hoto:
Haka ne, gadoliniyam sunan maganin, ta fitsari yake fita shi ya sa ake duba ƙoda. A irin matsalar ƙaninta kusan dole a yi.

Tsohon Majinyaci:
Anti labarinki kamar nawa aka kwafa, ni ma zoben aka gani, ni ma jijjiga ta kai ni. A gida har an fara maganar sayar da fili a fita da ni waje a buɗe kai. To MRS ɗin nan ba wata na'ura ba ce daban, kana kwance a wuri ɗaya, minti kaɗan kawai ake ƙarawa. Abin da ya ba ni mamaki shi ba hoto yake fitarwa ba, zane ne mai hawa da sauka kamar jerin duwatsu. Likitana Allah ya saka masa ya juyo da kwamfutar ya nuna min. Ya ce sun zaɓi ɗan murabba'i a tsakiyar ƙullutun, ya ɗan fi dunƙulen magi, na'ura ta shinshina abin da ke cikinsa ba tare da an yanka ba, kowane tsauni sinadari ne kuma kowa da mazauninsa a layin ƙasa. Na wajen lamba 2 shi ne NAA, alamar lafiyayyun ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Na 3.2 kolin, shi ne ke miƙewa idan ƙwayoyi suna ta hayayyafa irin na ƙari. Nawa kuwa wani dogo ne shi kaɗai a 1.3 ya tsere wa kowa, ya ce wannan kitse ne, kuma ƙullutun tibi haka yake yawan yi saboda cikinsa kamar cuku yake, ga ita ƙwayar cutar kanta jikinta maiƙo ne. Amma ya ja min kunne, ya ce wannan zanen shaida ne ba alƙali ba, mugun ƙari ma idan tsakiyarsa ya ruɓe yana nuna kitse, sai an haɗa da hoton ƙirji da gwajin jini da kuma yadda jiki ya karɓi magani. Na sha maganin tibi sama da shekara, fitsarina ya koma ja kamar lemon kwalba har na tsorata aka ce aikin maganin ne. MRI na uku abin ya motse ya zama ɗan tabo. Filin yana nan, gyaɗa muka shuka bana.

Ba na ce nasa ma haka ne ba fa, Allah ne masani. Amma da ban shiga ba da wuƙa za a fara.

Ɗalibi a Ingila:
Ku faɗa wa Umma akwai masu shiga lafiyarsu ƙalau don bincike, ni ɗaya ne, har sau 4 a Notingam, har ɗan na shayi suke ba mu. Ɗaya daga ciki mai tesla 7 ce, wannan idan gadon yana shiga jiri ke ɗan ɗibarka ka ji ɗanɗanon ƙarfe a baki, minti ɗaya ya wuce. Suna nuna min hotuna a allo ina danna maɓalli, su kuma suna kallon inda jini ke ƙaruwa a ƙwaƙwalwata, dabarar da Seiji Ogawa ya fito da ita a 1990. Cibiyar da ake binciken sunan Peter Mansfield gare ta, mutumin da ya bar makaranta yana ɗan shekara 15 ya tafi koyon aikin ɗab'i, ya dawo ya zama farfesa, a 1978 da kansa ya shiga na'urar da suka ƙera aka ɗauki hoton cikinsa. Shi da Paul Lauterbur aka ba kyautar Nobel a 2003, kuma sai 2017 ya rasu yana da shekara 83, to ina shan jinin yake. Abin dariya, su ma Turawan sun yi irin tsoron Umma, asalin sunan akwai kalmar nukiliya a ciki, aka cire don marasa lafiya suna jin ta sai su tuna bam.

Malamar Jinya:
Mijin yayar maƙwabciyar nan ina kyautata zaton ciwon da ya kai shi ne ya ci gaba, mu dai ba ma zuwa hoto sai abu ya ci ƙarfinmu sannan a ɗora wa na'ura. Ni a ɗakin yara nake, abin da ya sa nake girmama ta shi ne maleriyar da ke taɓa ƙwaƙwalwa. Shekara da shekaru yara na suma suna mutuwa ba a san takamaiman me ke kashe su ba, sai da aka kafa MRI a Bulantaya ta ƙasar Malawi, 'yar ƙarama ma mai 0.35, masu bincike su likita Terrie Taylor suka ɗauki hoton yara 168, sakamakon ya fito a 2015. Cikin 25 da suka rasu 21 ƙwaƙwalwarsu ta kumbura sosai har ta danne inda ke riƙe da numfashi, cikin waɗanda suka rayu kuwa kashi 27 cikin ɗari ne kawai suka yi irin kumburin. Haka 'yan sikila, akwai ɗan shanyewar da ke faruwa a ƙwaƙwalwa shiru ba alama sai dai yaro ya fara ja baya a aji, ita ce ke nuna shi. Shawarata ku tafi da Umma, ta ga mutane na shiga suna fitowa da ƙafarsu. Kuma ya sha maganin jijjigarsa a kan lokaci ranar, kar a ce za a yi hoto a tsallake.

Maman Biyu:
Na manta, ya yi fitsari kafin ya shiga. Ni dai na san abin da na gani a minti goman ƙarshe.

Yayar Samari:
Jama'a na gode Allah ya bar zumunci, jiya aka yi. Na karanta wa Umma duk abin da kuka rubuta, na Tsohon Majinyaci sau biyu ta sa na maimaita, ta ce to amma da ita za a je. Wurin farko da na kira suka ce tasu 0.35 ce, muka canza. Na caje shi a gida tsaf amma duk da haka sai da aka samu allura ɗaya soke a wuyan rigarsa. Ya yi minti 50 da wani abu don ya yi tari a tsakiya sai da aka maimaita wani sashe. Umma tana bakin ƙofa da carbi tana jin ƙarar tana cewa wannan ai injin Sahura mai markaɗe ne, da ya fito ta kama fuskarsa ta ja fatar idonsa ƙasa tana duba ko jinin na nan, har mai hoton sai da ya dara. Yau muka kai wa likita, na ga zanen da idona, dogon tsaunin yana wajen 1.3 ɗin nan. Ya ce ya fi karkata ga tibi amma bai rufe magana ba, ya tura mu hoton ƙirji da gwajin majina da na jini, ranar Litinin za mu koma, in an fara magani kuma za a sake MRI nan gaba a ga ko ya motse. Umma ta ce wancan karon ma da ita.