An gayyace ni cin abincin bikin Dongzhi a gidan Sinawa, me ya kamata in sani?

Ɗan kasuwa a Guangzhou:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina sayen kayan lantarki a birnin Guangzhou, kuma mutumin da ke haɗa mini kaya daga masana'anta ya gayyace ni gidan iyayensa ranar da suke kira Dongzhi, a ƙarshen watan Disamba. Ya ce dukan danginsu za su hallara, kuma mahaifiyarsa ce da kanta ta ce a zo da ni. Ba na son in ƙi amsa gayyatar dattijuwa, amma ina so in fahimci asalin bikin, da irin abincin da za a kawo, da yadda Musulmi zai zauna a wurin ba tare da ya ci abin da bai halatta ba, kuma ba tare da ya kunyata masu gida ba.

Malami a Beijing:

Wa alaikumus salam Alhaji. Dongzhi ita ce ranar da yini ya fi gajarta kuma dare ya fi tsawo a duk shekara, tana faɗowa a 21 ko 22 ga Disamba a yawancin shekaru. A nan Beijing hasken rana bai fi awa 9 da minti 20 ba a wannan rana, shi ya sa mutanen arewacin ƙasar suke jin ta a jikinsu fiye da ku da ke kudu. Tana cikin zangunan rana 24 da manoman Sin suka raba shekara da su tun zamanin da, tsarin da hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na duniya a shekarar 2016. A fahimtarsu, duhu da sanyi sun kai maƙura a wannan rana, daga nan kuma haske zai fara ƙaruwa, don haka rana ce ta murna. Sarakunan daulolin Ming da Qing ma a wannan rana suke fita zuwa wurin ibadar Tiantan da ke Beijing don yin bikin shekara.

A arewa abincin ranar shi ne jiaozi, wato kwaɓin fulawa da ake murzawa a naɗe niƙaƙƙen nama da ganye a ciki, a dafa a tafasasshen ruwa. Ana danganta al'adar da Zhang Zhongjing, wani likita na zamanin daular Han, wanda labarin gargajiya ya ce ya ga talakawa sanyi ya cinye musu kunnuwa, sai ya dafa naman rago da magungunan ɗumama jiki, ya naɗe su a kwaɓi mai siffar kunne ya raba musu. Har yau iyaye suna tsoratar da yara cewa wanda bai ci jiaozi ranar Dongzhi ba, kunnensa zai daskare. Daga ranar kuma ake fara ƙidayar tara sau tara, kwana 81, wadda idan ta cika an fita daga sanyi.

Ɗaliba a Guangzhou:

Alhaji, bayanin Malam daidai ne, sai dai gidan da za ka je na mutanen kudu ne, kuma da wuya ka ga jiaozi a kan teburinsu. Mutanen Guangdong, lardin da birnin Guangzhou yake ciki, suna da karin magana cewa Dongzhi ta fi sabuwar shekara girma, kuma ko da yake gwamnatin ƙasar ba ta ba da hutu a ranar, za ka ga ma'aikata suna gaggawar komawa gida da yamma. Amma a Macau, yankin Sin mai tsarin mulkinsa na musamman, ranar hutu ce a hukumance. Idan aka kira baƙo irin wannan zama, an ɗauke shi kusa da dangi ne, domin abinci ne na 'yan gida, ba liyafar kasuwanci ba.

Abin da ba a rasawa shi ne tangyuan, ƙananan dunƙule na garin shinkafa mai danƙo, kamar curin fura amma sun fi shi ƙanƙanta da santsi, ana dafa su a ruwan citta da sukari. Wasu babu komai a cikinsu, wasu kuma an cusa musu baƙin riɗi ko gyaɗa. Tsofaffi suna cewa wanda ya ci tangyuan ya ƙara shekara ɗaya a duniya. A nan ne nake so ka yi hattara, domin mutane da yawa suna ganin abin zaƙi ne sai su saki jiki, alhali a girkin gargajiya, musamman irin na birnin Ningbo da ke gabashin ƙasar, da kitsen alade ake kwaɓa riɗin. Akwai kuma tangyuan na gishiri da mutanen Taishan, wani gari a lardin Guangdong, ke yi a romon da galibi ake sa naman alade da busasshen jatan lande. Busasshen naman alade da tsiran alade na lokacin sanyi su ma suna yawan fitowa a teburin, kuma giyar girki tana shiga miya da nama ba tare da mai girkin ta ɗauke ta a matsayin giya ba.

Shawarata ita ce ka faɗa wa abokinka tun yanzu, kada ka bari sai an zuba maka. Sinawa sun san kalmar qingzhen, wadda Musulminsu 'yan ƙabilar Hui ke nufin halal da ita, kuma ka ambaci abubuwa uku a fili: naman alade, kitsensa, da giyar girki. Kifi da aka turara da citta da albasa, da ganye, da farar shinkafa, da tangyuan marasa ciko, duk za su wadatar da kai idan an dafa su a tukunya mai tsabta. A ganina uwar gida za ta fi jin daɗin a sanar da ita da wuri fiye da ta ga baƙonta ya zauna bai taɓa komai ba.

Tsohon mazaunin Yiwu:

Ina da ƙari ɗaya da ba a taɓo ba. A gidaje da yawa na kudu, kafin a ci abinci ana ajiye kaza da 'ya'yan itace da tangyuan a gaban allon sunayen kakanni, a kunna turare, 'yan gida su sunkuya. Wannan sha'anin zuri'arsu ne, ba a sa ran baƙo ya shiga, don haka ka tsaya gefe cikin natsuwa har su gama. Naman da aka gabatar a wurin yakan dawo kan tebur, saboda haka kazar ma ka bar ta, tun da dama ba yankan Musulmi ba ce. Ka tafi da kwandon lemu ko ganyen shayi mai kyau, ka miƙa wa dattawa da hannu biyu, kuma kada ka fara ci kafin su.

Ɗan kasuwa a Guangzhou:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi magana da abokin nawa kamar yadda 'yar'uwa ta ba da shawara, ya ce mahaifiyarsa za ta dafa mini kifi da ganye daban, ni kuma zan sayi naman rago a wurin mahautan Musulmi da ke unguwar Xiaobei in kai mata da safe domin kowa ya ci.