Takardar koyarwa da neman aikin lafiya: shawarwarin manya

Wata ungozoma daga yankin Jahun ta tambayi waɗanda suka daɗe a aikin lafiya ko yin PGDE, wato difilomar koyarwa ta bayan digiri, zai taimaka mata ta sami aiki. An daɗe ana tattaunawa, ga abin da na tsinta.

Kusan kowa ya ce ya danganta da inda aka nufa. A asibitin karkara, abin da ake fara dubawa shi ne rajista da Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma, da lasisin da bai ƙare ba. Daga nan sai gwanintar hannu: karɓar haihuwa, tsayar da zubar jini, rigakafi. Takardar koyarwa ba ta maye gurbin waɗannan.

Makarantu kuwa daban ne. Mai son koyarwa a kwalejin jinya ta Birnin Kudu ko makarantar kiwon lafiya ta Jahun, takardar tana ɗaga shi sosai, musamman in ya haɗa da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta Nijeriya. An ambaci NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa da ke Kaduna, inda ake iya karatun ba tare da ajiye aiki ba.

Shawarar wata dattijuwar nas ce ta fi kama min hankali. Ta ce, "'Yata, ki fara yin shekaru a ɗakin haihuwa tukuna, ɗalibai suna gane malamar da hannunta ya saba." Ta ƙara da cewa a takardar neman aiki a rubuta horon da aka taɓa bai wa ungozomar gargajiya ko ɗalibai masu koyon aiki, don shi ma ana dubawa.