Jar tawadar nan tana bushewa a bakin alƙalami

Malamin Firamare, Ƙofar Marusa: Salam jama'a. Na sayo katirij na jar tawada don makin littattafan yara, na saka a alƙalamina mai shan tawada ƙirar Jinhao, ranar farko jan ya fito raɗau abin sha'awa, amma bayan kwana 3 sai na ga wani ɓawo ya taru a bakin, sai na yi ta gogawa kafin ya rubuta. Tawadar ce ko alƙalamin?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam Malam. Halin ja ne wannan, ya fi shuɗi yin ɓawo, ga hunturun Katsina kuma da ke busar da komai har leɓe. Ka riƙa rufe murfin da ka ajiye, duk sati ka wanke bakin da ruwa zalla, banda ruwan zafi.

'Yar Daura: Ni matsalata takarda ce wlh, a littafin yara jan yana ratsawa har bayan shafi, dole na koma biro.

Baban Ummi: Hajiya ki gwada siririn baki mai alamar F, bai cika zubar da tawada ba. Malam kuma kar ka sayo katirij na alƙaluman Parker ko Lamy, nasu daban ne, ba zai zauna a Jinhao ba.

Malamin Firamare: Na wanke yanzu, yana rubutu lafiya. Allah ya saka da alheri.