Musayar waƙa: na harhaɗa sabuwar kwamfuta ta ƙi tashi

Ɗan Gwammaja:
Salamu alaikum yan uwa, tunda ƙa'idar zauren nan ba a kawo kuka sai a baiti to ga nawa. Kayan su ne furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 5 5600, madabod (babban allon da ake jona komai a jikinsa) B550, ram biyu masu giga 8, katin hoto da fawa (akwatin da ke raba wa kayan wuta) mai wat 650, duk sababbi a kwalinsu, da su nake son fara aikin haɗa bidiyon biki don Allah wanda ya san kan abin ya taimaka.

Da sunan Allah zan fara,
Masana ku zo ku ba ni shawara,
Kuɗin da na daɗe ina tara,
Na kai na sayo kayan kwamfuta.

Na buɗe kwali na baje kaya,
Na ɗaura su ɗaya bayan ɗaya,
Na bi na soke kowace waya,
Na rufe kes na jona wuta.

Na danna maɓalli ba ta yi aiki,
Fanka tsaye cik abin mamaki,
Ba ƙauri ba tartsatsi ba hayaƙi,
Shiru kawai ta yi min ta kwanta.

Ku taimaka min ku faɗi dalili,
Abin ya tayar min da hankali,
Shin fawa ce ta mutu tun a kwali,
Ko madabod ce na lalata?

Baba Mai Rediyo:
Wa alaikumus salam ɗana.

Ɗana ka kwantar da hankalinka,
Rashin hayaƙi alheri ne gare ka,
Kar ka taɓa cikin akwatinka,
Fara da bango, mafarin wuta.

Soket ɗin ka fara gwadawa,
Da caja ko dutsen gogewa,
In a ekstenshan kake jonawa,
Cire, ka kai bango ka soka ta.

Fulogi mai ƙafa uku da fiyus a ciki,
In ya ƙone waya ba ta aiki,
Wayar monita in irinta ce ɗauki,
Ka musanya su ka sake kunna ta.

A bayan fawa da ɗan makunni,
Baƙi ne sai an duƙa a gani,
Gefen sanda shi ne kunne ka ji ni,
Gefen sifili kuwa ya kashe ta.

Ɗan Gwammaja:
Baba na bi maganarka duka,
Soket na ba da wuta ba shakka,
Na canza waya bisa faɗarka,
Makunni na kan sanda tun haɗa ta.

Sai dai na leƙa ta gilashi,
Akwai ɗan haske can ƙarƙashi,
Jikin madabod nake hango shi,
Da zarar na jona ta da wuta.

Anti Injiniya:
Yawwa ƙanena, irin wannan bayanin muke so.

Wannan hasken naka shaida ne,
Wuta ta shigo cikin gida ne,
Bolt 5 ɗin jiran umarni ne,
Ko kwamfuta na kashe, fawa ba ta yanke ta.

Yanzu ka duba babbar waya,
Mai baki 24, shigarta da wuya,
Ka tallafi bod da hannu ta baya,
Ka danna sai maƙalli ya kama ta.

Can a kusurwa sama da furosesa,
Nan ne yake samun abincinsa,
Waya mai baki 8 ce tasa,
Sababbin hannu kan manta ta.

Ka kula sosai a nan don masu baki 8 iri biyu ne kuma suna kama, ta furosesa an rubuta CPU a jikinta tana rabewa 4 da 4, ta katin hoto an rubuta PCIe tana rabewa 6 da 2, in ka ji waya na turjewa kar ka tilasta mata. Ita ma babbar a wasu fawa 20 da 4 ce ake haɗewa sai ka ga 20 ɗin ta zauna ƙaramar ta ɗago. Kuma in fawarka irin wadda ake cire wayoyinta ce kar ka kuskura ka sa wayar wata fawa daban ko da bakin ya shiga, jerin wutar ba ɗaya ba ne kuma haka ake ƙona kaya. Ka cire fulogi kafin ka sa hannu.

Ɗan Gwammaja:
Anti na zare su na mayar har na ji ƙas, ta CPU ce a wurinta, har yanzu shiru.

Na Tudun Wada:
Ni dai abokina gaskiya zan faɗa,
Fawar nan ce ba sai ka gwada,
Gobe da safe ka ɗauka ka maida,
Su ba ka wata ko kuɗi ka huta.

Baba Mai Rediyo:
A'a yaro kar ka yi gaggawa,
Ba a hukunci babu aunawa,
Mai shago hakkinsa ake kiyayewa,
Sai an tabbatar sannan a furta.

Cire fulogi, zare wayoyin fawa duka,
Lanƙwasa kilif na takarda a hannunka,
Koriyar waya guda ce a gabanka,
Haɗa ta da baƙar da ke gefenta.

Sannan ka jona ka kunna baya,
In fankar fawa ta fara juya,
Ba ita ce ke ba ka wuya,
Mu matsa gaba mu ƙyale ta.

Ɗana a jikin babbar wayar nan mai 24 za ka yi wannan. Fawar zamani da yawa wayoyinsu duk baƙaƙe ne babu koriya, to rami na 16 da na 17 ake haɗawa amma ka duba zanen da ke littafinta kafin ka soka komai, kuma wasu fankarsu ba ta juyawa sai sun ɗau zafi don haka ka jona mata fankar kes guda ka gani. In kana da mita ya fi, rawaya 12 take bayarwa, ja 5, ruwan lemo 3.3. Abu ɗaya da nake roƙonka shi ne kar ka kwance murfin fawar kanta, akwai manyan kwandansa a ciki da ke riƙe wuta ko an cire daga bango, mu da muka tsufa a gyaran rediyo da talabijin muna tsoronsu.

Ɗan Gwammaja:
Baba na yi gwajin a tsanake,
Na haɗa biyun da kilif a lanƙwashe, na sake,
Fanka ta juya ba wasa da gaske,
Fawa da ranta, ba laifinta.

Sarkin Solda:
To malam saura ƙarƙashin bod, a shago wannan muke yawan gani.

Akwai yan ƙafafu da ake ɗaurawa,
Su ɗaga bod kar ƙarfe ya yi taɓawa,
In ɗaya ta zauna inda ba hudawa,
Ta gogi bayan bod ta haɗa wuta.

Ka kwance bod ka fito da ita waje,
Kan kwalin da ta zo ciki ka aje,
Ram guda da furosesa, sauran su je
Gefe, a nan za ka san halinta.

Kuma ga hunturu ya shigo jiki na tara wannan wutar mai tsartuwa in ka taɓa ƙofar mota, ka riƙa taɓa ƙarfen kes kafin ka taɓa bod, kar ka ɗora ta kan bargo ko kafet.

Anti Injiniya:
Dakata Sarki kar a kwance tukuna,
In shot ne sau da yawa yakan nuna,
Fanka ta zabura ta koma ta zauna,
Shi ko gezau ba ta yi ba, ka karanta.

Fawa da rai kuma bod da haske,
To saƙon ne bai isa ba da gaske,
Siraran wayoyin gaba ka sake
Dubawa, can ƙasa dama a bakinta.

Ka zare PWR_SW daga allura,
Ka ɗauko sukundireba ka lura,
Taɓa biyun na daƙiƙa kar ka ƙara,
Aikin maɓalli ke nan ba wata.

Maganarka tana kan hanya Sarki kuma in wannan bai yi ba ita za mu yi, amma kwancewar aikin awa ne wannan kuma na minti ɗaya. Ƙanena PWR_SW ita ce wayar maɓallin kunnawa, wurin da ake soka ta a jikin bod wasu suna rubuta F_PANEL wasu JFP1, yawanci allura 9 ne layi biyu, layi ɗaya yana da giɓi a ƙarshe, to biyun da ke dab da giɓin su ne na kunnawa, amma littafin bod ɗinka shi ne alƙali. Na maɓalli ba ruwansa da fulas ko mainos duk yadda ka juya shi daidai ne, na fitila ne suke da gaba da baya. Ka mayar da wayoyin fawa wurinsu ka jona wuta, sannan ka haska tocila ka riƙe hannunka kar bakin sukundireba ya goga wasu alluran, wutar wurin ƙarama ce ba za ta ja ka ba.

Ɗan Gwammaja:
Allahu akbar Anti ta tashi!!

Na taɓa biyun hannu na rawa,
Fankoki duk suka hau juyawa,
Fitilun ram suka hau haskawa,
Har ɗakin Inna an ji murnata.

Na mayar da PWR_SW wurinsa,
Na danna, maɓalli ya ƙi aikinsa,
Na ɓalle fuskar kes na bi bayansa,
Ashe waya guda ce ta fita.

Wallahi siririya ce kamar zare, a bayan maɓallin inda aka ɗiga mata dalma ta rabu, ɗan baƙin roban da aka sa mata ya rufe wurin shi ya sa ba a gani sai da na ja ta a hankali ta biyo hannuna. Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, Allah ya jiƙan iyaye.

Baba Mai Rediyo:
Amin ɗana, alhamdu lillahi.

Kafin a gyara ga wata dabara,
Wayar RESET ka zare ka ɗora
Kan biyun nan na kunnawa, allura,
Ƙaramin maɓalli ya riƙa kunna ta.

Iri ɗaya ne su biyun a ciki,
Haɗa waya biyu shi ne aiki,
Yanzu kana da hujja sai ka ɗauki
Fuskar kes mai shago ya duba ta.

Na Tudun Wada:
Barka abokina, ga nawa kafin ka jona monita don 5600 ba ta da hoto a cikinta, mai G a ƙarshe ce ke da shi.

Ramin HDMI na bod ka bar shi,
Na katin hoto can ƙarƙashi,
Nan za ka soka hoto ya tashi,
In ba haka ba baƙi za ka ga fuskarta.

Anti Injiniya:
Haka ne. Ram ɗin ma tunda biyu ne a bod mai gurbi 4 yawanci A2 da B2 ake sawa, wato na biyu da na huɗu in ka ƙirgo daga furosesa, kuma in bod ɗinka na da yan fitilun nan huɗu CPU, DRAM, VGA da BOOT ka kalli wadda ta tsaya a kunne ita ke gaya maka inda aka maƙale. Tashin farko takan ɗan jima har ta kashe kanta ta sake tashi, kar ka tsorata ka zare fulogi.

Ɗan Gwammaja:
Na soka a kati hoto ya bayyana,
BIOS, shafin saitin bod, ya buɗe a gaban idona,
Giga 16 na ram ya nuna,
Sunan furosesa ma na karanta.

Sarki in mai shago ya ce ba canji zan kawo maka fuskar kes ɗin ka ɗiga min dalma, nawa ne aikin?

Sarkin Solda:
Kawo ta bayan la'asar ina nan,
Ɗigo guda ne aikin wannan,
Ba na karɓar kuɗi a kan nan,
Ka dai haɗo da roban da ya rufe ta.